Kunyar Ɗan Fari a Ƙofar Kwaleji

Tasalla tana tsakar gida tana surfen gero, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai ta ji sallamar Zuwairatu daga zaure. Sallama ce a daƙile, wadda ko yaro ya ji ya san ba alheri ne ya kawo ta ba. Zuwairatu maƙwabciya ce a nan Batsari, gida uku tsakani, kuma ita ce gwaggon Turai, yarinyar Safana da aka sa wa rana da Armaya'u, ɗan Tasalla na fari. Ta shigo da adudu a ka, Turai na biye da ita, kai a sunkuye, idanu sun yi luhu-luhu don kuka.

Tun kafin a sauke adudun Tasalla ta gane shi. Ita ta jera kayan ciki da hannunta bara, zannuwa da kallabi da murjani, ta ɗaure bakin da igiyar rama. Ga shi nan ya dawo, ko ɗaurin ba a kwance ba.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi kwana da gajiya da mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya, kowa na jan gaisuwar don kada a iso inda za a iso. Daga ƙarshe Zuwairatu ta ce yayanta Mani, mahaifin Turai, shi ya aiko. Mani mahauci ne, duk wata yakan kai kilishi birnin Katsina. Juma'ar da ta wuce ya ce bari ya biya kwaleji ya ga surukin gobe, tunda yaron yana can shekara ta uku yana karatun zama malamin makaranta. Ya same shi kwance a ɗakin marasa lafiya, ƙafa a naɗe. Kurkunu ne ya tsinke masa a ciki, ƙafar ta kumbura har sai da likita ya tsaga. Kwana arba'in ke nan. Makaranta ta rubuto wa ubansa sau biyu, shiru. Mai gadin ƙofa kuma ya rantse wa Mani cewa a shekara uku ba wanda ya taɓa zuwa ya ce yana neman yaron nan.

"Ya ce in faɗa miki yadda ya faɗa, kada in rage," in ji Zuwairatu. "Ya ce gidan da ɗansu na cikinsu zai kwana arba'in a kwance ba wanda ya leƙa, in ɗiyar wani ta kwanta a can sai dai a ji wari. Ran Laraba zai sake biyowa ta nan zuwa Katsina. In ya dawo zai ɗauki ɗiyarsa, ya sanar da limamin Safana magana ta mutu."

Wallahi Tasalla ba ta san yaron ba shi da lafiya ba. Tambayoyi suka cika mata baki: wace ƙafa ce, yana cin abinci, wa ke wanke masa? Amma kun san abin da ya fito? Ta gyara ɗaurin zane, ta kau da kai gefe, ta ce, "Allah Ya sawwaƙe," kamar an ce mata akuyar wani ta karye a garin Zakka. Turai ta ɗago kai ta dube ta, kallo ɗaya, ta sake sunkuyarwa.

Ku da kuka tashi yanzu, bari in gaya muku yadda abin yake, kada ku ɗauka matar nan dutse ce. A nan ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, a zamanin Turawa, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Kunya ce, kuma ado ce. Amma al'adar ba mahaukaciya ba ce, tana janye uwa ne don kaka ta matso. Ranar da aka yaye Armaya'u, Iya Kande, uwar ubansa, ta goya shi ta tafi ɗakinta. Ita ce gatansa. Da hakimi ya sa aka rubuta shi makarantar boko, ita ta bi shi tana zage-zage. Da ya wuce makarantar Midil a Katsina, tsohuwar nan sau biyu a shekara take hawa jaki ta je ta gan shi da ƙullin dakuwa. Sai ta rasu a daminar da ya shiga kwaleji. Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka raba 'yan ƙorenta, amma ba wanda ya tuna a tambaya wa zai gaji yaron.

Ita kuwa Tasalla kunyarta ta zama abin kwatance. A gidan biki zabiya kan wasa ta, mata su ce kunya sai Tasalla, shekara ashirin da biyu ba wanda ya ji sunan ɗanta a bakinta. "Ɗan Iya" take ce masa in ta kama dole. Kuma tana jin daɗin yabon nan, kada a ɓoye muku. Da ya zo hutun farko ta yi masa tuwon gero da miyar kuka, ta zuba man shanu har yana malala, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa ta juya. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Ranar komawarsa ta shige madafa tana share ido, tana cewa itacen ɗanye ne. A hutu na biyu bai zo ba, ya zauna gidan wani abokinsa a birni.

Suna zaune sai ga maigidan, Sada, ya dawo daga gona cin kalaci. Ya ga adudu, ya ji bayani, sai ya hau sama kamar an zuba wa wuta kananzir. Ya ce mahauci ne zai mayar masa da kaya? Su da suka rufe ido suka nemi ɗiyar mai wuƙa, mutane na yi musu surutu, yau shi ne zai koya musu riƙon ɗa? Ya ce mata ba su ƙare a duniya ba, yaro mai karatun kwaleji ko ɗiyar alƙali ya nema za a ba shi. Zancen zuwa Katsina kuwa, tun da aka halicci duniya ɗa ke zuwa gaida uba, bai ga abin da zai sa shi ya juya ta ba. Duk wannan a gaban Turai ya faɗa, ko kunyar idonta bai ji ba. Zuwairatu ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ce Allah Ya ba da haƙuri, wuƙar mahaucin dai ita ke yanka musu ragon layya. Ta ja yarinyar suka fita.

Bayan azahar, Sada ya koma gona, Tasalla na zaune ta tasa geron da ba ta ƙarasa surfewa ba, sai ga Turai ta dawo ita kaɗai. Wannan ma abin magana ne. Budurwa ba ta shiga gidan surukai da ƙafarta, in ta hango uwar saurayi a hanya ma sai ta canza lungu. Amma Turai ta shigo har tsakar gida, ta durƙusa gwiwa biyu.

"Inna, ki gafarce ni, yau zan yi rashin kunya," in ji ta, murya na rawa, ba don tsoro ba, don fushi. "Tun ina kawo wa gwaggo aike nake ganinsa a bakin rijiya, shekara huɗu ke nan ban kalli kowa ba. Baba ba zai yi mini dole ba, amma ba zai ba ni shi ba, kuma ni ba zan auri wani ba. Ba laifin da ya yi, ba laifin da na yi. Ya ce mini sau bakwai yana rubuto muku. Ina wasiƙun?"

Tasalla ta so ta daka mata tsawa. Yarinya ƙarama, haihuwar jiya, ta zo tana tuhumarta a gidanta! Ta buɗe baki, sai idonta ya kai kan jinkar ɗakin Sada. Ta san inda suke. Wasiƙar farko da ta zo, Sada ya kai wa Malam Uwaisu, magatakardan hakimi, tunda shi ko baƙi bai haɗa ba. Malam Uwaisu ya karanta a zaure gaban jama'a, har wurin da yaron ya ce yana kewar gida. Idon Sada ya kawo ruwa, wani tsoho ya ce a'a, yau ga Sada na kukan ɗan fari, zaure ya ɗauki dariya. Sati guda ana tsokanarsa a kasuwa. Daga ranar duk wasiƙar da masinja ya kawo sai ya cusa ta cikin jinka ba a buɗe ba. Tasalla na gani, ba ta taɓa cewa uffan ba, don tambaya ma ai nuna so ne.

Ta tashi ta shiga ɗakin, ta taka turmi ta zaro su. Takwas ne, sun yi baƙi da hayaƙi, gara ta ci gefen biyu. Guda biyu da rubutun boko ne daga makaranta, Turai ta ce waɗannan sun fi ƙarfinta. Sauran shida kuwa da ajami ya rubuta, kuma ita ta yi makarantar allo, da shi suke musayar wasiƙa ta hannun gwaggo. Ta zauna a gefen tabarma ta fara karantawa a hankali, tana bin layi da yatsa.

Na farkon duk labarin makaranta ne, yaro na ɗokin ba da labari. Ana kaɗa ƙararrawa a tashi, a kaɗa a ci abinci. Kowa da teburinsa da fensirinsa. Suna koyon Turanci da lissafi da labarin ƙasa, an nuna musu taswira ya nemi Batsari bai gani ba. Ya zo na biyu a jarrabawa, firinsifal ya kira shi ofis ya yaba masa. A ƙarshen kowace yana tambaya ko an yi shuka, ko saniyar Baba ta haihu, yana roƙo a ba masinja amsa ko da baki ne.

Ta huɗu ta fara sauya murya. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci iyaye kan zo bakin ƙofa su ga 'ya'yansu, wasu daga Daura, wasu daga Kano, har daga Sakkwato. Mai gadi yakan shigo yana kiran suna. Shi kuwa da ya ji an fara kira sai ya tafi bayan aji, inda ake wasan fayis, ya yi ta buga ƙwallo da hannu a jikin bango shi kaɗai, don kada abokai su tambaye shi ina nasa.

Turai ta dakata, ta share hanci, ta ɗauki ta ƙarshe. Rubutun a karkace yake, a kwance aka yi shi.

"Inna, wannan ke nake wa. Ban taɓa neman ki kira sunana ba, na san al'ada. Amma Iya ta mutu, ba ku naɗa kowa a madadinta ba. Likita ya nemi izinin Baba kafin ya tsaga ƙafata, aka jira kwana goma sha biyu, sai firinsifal ya sa hannu, Bature, wanda bai haɗa komai da ni ba. Ba don wasiƙun Turai ba da na ajiye karatun nan. In ba ku so na, ku gaya wa masinja, in san matsayina. In na gama zan roƙi a tura ni koyarwa Yola, ku huta."

Tasalla ba ta yi kuka nan take ba. Wani irin fushi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa, ta rasa wanda za ta sauke wa. Ta ji haushin Sada, ta ji haushin tsohon da ya yi dariya a zaure, ta ji haushin zabiya da matan biki, ta ji haushin Iya da ta mutu ba ta bar wasiyya ba. Da ta gama zagaye sai haushin ya dawo inda ya dace, ya zauna a ƙirjinta. Ta ce wa Turai ta tafi gida. Yarinyar ta kai zaure, ta ji matar da ake kwatance da ita ta fashe da kuka kamar ana yanka ta.

Da la'asar Sada ya dawo, ta ajiye masa tuwo, ta jera wasiƙun takwas a gefen akushi. Ya dube su, ya dube ta, ya ce wa ya ba ta izinin shiga jinkarsa.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ka yi haƙuri da ni," in ji ta. "Dariya aka yi maka sau ɗaya a zaure, ka binne yaro da ransa shekara uku. An tsaga masa ƙafa ana jiran bakinka, bakinka yana cikin jinka gara na ci."

Sada ya ture akushin. Ya ce to ita fa? Ita da zabiya ke wasawa, ta taɓa cewa a buɗe ko guda? Ta taɓa ba wani falke ko ƙullin ƙuli-ƙuli ta ce a kai? Ya yi tsammanin za ta yi musu, sai ta ce gaskiyarsa, ita ce ta fi shi laifi, ta sayar da ɗanta ta sayi kirari. Ta ce ran Laraba za ta bi ayarin Mani zuwa Katsina, ya raka ta ko ya ba ta izini. Ya ce ta haukace, garin nan zai cinye su da baki. Ta ce bakin gari bai wanke wa yaron ƙafa ba. Suka yi ta yi har kaji suka fara shiga akurki. A ƙarshe ya tashi ya ɗauki buta, ya ce, "Ki tafi. Ban hana ki ba, ban kuma aike ki ba."

Kwana uku ta yi tana shiri. Ta daka dakuwa, ta soya ƙuli-ƙuli, ta nemi zuma da man shanu, ta yi garin kunu da kayan yaji. Labari kuwa ya riga ya zagaye Batsari. Mata na leƙowa wai neman aron rariya, su fita suna taɓa baki, wai Tasalla da tsufanta za ta zubar da abin da ta tara. Wata har cewa ta yi ɗiyar mahauci ta yi mata asiri. Tasalla ta ji duka, ta ƙara ƙarfin taɓarya.

Ran Laraba Mani ya iso da jakuna huɗu. Gajere ne kakkaura, maganarsa kamar saran gatari. Da aka gaya masa, bai yi murna ba, bai kuma hana ba. Ya ce hanya ta Allah ce, kowa na iya bi, amma shi ba ya sayen dabba sai ya ga tafiyarta. Turai ta roƙi a je da ita, Zuwairatu ta sa baki, ya ce ta zo, ta ga irin gidan da take wa kuka da idonta, ta huta.

Tafiyar yini biyu ce, kuma Tasalla ba ta taɓa wuce gonakin Ruma ba. Ƙafarta ta faffashe, Turai ta nemi karɓar kayan, ta hana, ta ce wannan kaya ita za ta kai. Ran Alhamis da hantsi suka tsaya shan ruwa a wata rijiya, sai ga wani mutum tafe a baya kan jaki, da buhun gero da zakaru biyu a ɗaure. Sada ne. Ya yi sallama yana kallon wani wuri, ya ce gishiri zai sayo a birni.

"Ashe gishirin Batsari ya ƙare," in ji Mani. "Allah Ya kyauta. Zakarun kuma su za su nuna maka kasuwa?"

Sada ya ja jakinsa gefe ya shayar da shi. Haka aka ci gaba, shi yana baya da nisan jifa, ba ya matsowa, ba ya komawa.

Ran Juma'a bayan masallaci suka isa ƙofar kwaleji. Ƙarƙashin wani babban durumi iyaye sun shimfiɗa tabarmi, ɗalibai da fararen riguna da jar dara suna zaune cikinsu ana ci ana dariya. Tasalla ta tsaya tana kallo, ta tuna bangon da aka ce ana buga wa ƙwallo, ta ji kamar ta nutse. Mai gadin, wani tsohon soja da ake kira Salmanu, ya tare su da sandarsa, ya ce wa ake nema.

Ta ce ɗan Iya. Ya ce a nan kowa ɗan iyarsa ne. Ta ce yaron Batsari. Ya ce yaran ƙasar Ruma uku ne, kuma doka ce ba a kiran ɗalibi sai da sunansa. Ta waiwaya. Sada ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Mani ya harɗe hannu a ƙirji, shi da ya san sunan sarai, ya kuma san mai gadin. Turai ta buɗe baki za ta taimaka, ya ce, "Ke, yi mini shiru. Ba ke kika haife shi ba."

Mutanen ƙarƙashin durumi suka fara juyowa. Zufa ta karyo wa Tasalla, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Kada ku raina abin nan, ku da kuke kiran 'ya'yanku kamar kuna kiran kaji. Macen da ta shekara ashirin da biyu tana haɗiye kalma, fito da ita gaban baƙi daidai yake da tuɓe zane a kasuwa. Ta rufe ido.

"Armaya'u," in ji ta, can ƙasa.

Salmanu ya ce bai ji ba, kunnensa ɗaya ƙarar igwa ta toshe shi a yaƙi.

"Armaya'u Sada! Ɗana ne, ni na haife shi!"

Tsohon sojan ya dube ta sama da ƙasa, ya ce to alhamdu lillahi, ashe yana da uwa. Ya juya ya shiga ciki.

An daɗe kafin ya fito. Yana dogara sanda, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya hango Mani, ya hango Turai, fuskarsa ta ɗan saki. Sai idonsa ya faɗa kan uwarsa, ga ubansa a bayanta. Ya tsaya cak. Ya ƙaraso da sauri yana jan ƙafa, ko gaisuwa bai yi ba.

"Inna, wa ya rasu?"

Ba gatse ya yi ba, da gaske yake tambaya, don bai san wani dalili da zai kawo su ba. Mani kansa sai da ya kau da kai. Sada ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ba wanda ya rasu," in ji Tasalla. "Ganinka na zo yi."

Kada ku zaci ya faɗa jikinta yana kuka. Ciwon shekara uku ba ya warkewa da kalma huɗu. Ya ja da baya, ya ce ganinsa? Yanzu da ƙafa ta fara warkewa? Ya ce ya ƙirga Juma'a fiye da ɗari a bayan ajin can. Ya ce ranar da za a tsaga shi, disfensa mai ba da magani ya tambaye shi ko maraya ne, ya rasa amsar da zai bayar. Ya faɗi duk abin da ke cikinsa, murya na karyewa, mutane na ji. Sada ya ɗaga kai zai tsawata, Tasalla ta ce a bar shi, bashin magana yake bi.

Da ya yi shiru, sai ta ce ya zauna. Ta durƙusa gabansa, nan gaban iyayen Daura da na Kano, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta kwance ƙyallen, ta dubi tsagar. Ta nemi ruwa, Turai ta kawo a buta. Ta wanke gefen ciwon a hankali, hawaye na ɗiga a kai, tana cewa ya yafe mata, ta ɗauka yana ganin abin da ke cikin zuciyarta, ashe zuciya ba ta da taga. A nan ne ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da jar dararsa, kafaɗunsa na rawa.

Sada ya yi gyaran murya sau uku. Ya ce wannan firinsifal ɗin, ana iya ganinsa? Yana so ya yi masa godiya, ya kuma ji abin da yaron ke karantawa. Aka kai shi. Ya ga ajin, ya shafa teburin ɗansa, ya sa aka nuna masa taswirar, ya ce lallai wanda ya zana ta bai taɓa cin kasuwar Batsari ba. Zakarun nan ya ba Salmanu ɗaya.

Armaya'u da Turai kuwa ba su sami keɓewa ba, sai 'yar tazara a gefen tabarma. Ya ce mata saura masa tam biyu ya karɓi satifiket. Ta ce ita ba ta san tam ba, damina nawa ce? Ya ce ɗaya. Ta ce wadda ta jira huɗu, ɗaya ba ta gagare ta, amma zancen Yola ya goge shi, ita ba ta iya Fillanci ba. Ya yi dariya, ta farko da aka ji daga bakinsa ran nan.

Mani ya miƙe zai koma wurin kilishinsa. Ya tsaya a kan Sada, ya ce shi mahauci ne, ba ya iya doguwar magana. Ranar da aka sa tana nan. Amma duk wata yana biyowa ta Batsari, kuma jakinsa guda zai riƙa zuwa ba kaya, ya rage nasu wa zai hau. Sada ya ba shi hannu, ya ce ya yafe masa maganar wuƙa. Mani ya ce ai bai ji ba, ƙudaje sun cika masa kunne.

Haka aka yi. Wani watan Sada ya je, wani watan Tasalla. Wasiƙa kuma in ta zo, Sada da kansa yake kai wa Malam Uwaisu ya ce a karanta da ƙarfi, mai dariya ya yi. Matan Batsari sun yi surutu har suka gaji, zabiya ta daina wasa Tasalla, ita kuwa ko a jikinta. Bayan an yanke geron shekara mai zuwa aka ɗaura auren Armaya'u da Turai a Safana, aka tura shi koyarwa nan kusa da gida. Haƙurin yarinyar nan bai faɗi ƙasa banza ba.

To iyaye, ga naku. Kai yaro makaranta ba sallama ba ce. Ku taka ku je, ku ga inda yake kwana, ku san malamansa, ku amsa in ya kira, don zumunta a ƙafa take, ko da tsakanin uwa da ɗa ne. Kunya ado ce, ba wanda ya ce a yar da ita, amma son da aka kulle a ciki bai taɓa wanke wa kowa ciwo ba. Kada ku bari ranar da ɗanku zai hango ku a bakin ƙofa, abin da zai fara faɗo masa a rai ya zama mutuwa aka yi.